Linux Mint ta rufe 2025 da godiya: wa ke ɗauke da nauyin manhajar kyauta, kuma ina Nijar ta tsaya?

A daidai lokacin da manyan kamfanonin fasaha ke rufe shekara da lissafin riba, ƙaramar tawagar da ke kula da manhajar Linux Mint tana rufe tata ne da jerin sunaye. A kowane wata, jagoran aikin, Clément Lefebvre, yakan fitar da rahoto da ke buɗewa da godiya, yana kuma ɗauke da sunayen mutanen da suka aika gudummawa da abin da kowa ya bayar, daga mai dala ɗaya har zuwa mai ɗaruruwa. Idan Disamba ta zo, godiyar takan haɗu da bayanin abin da aka kammala da wanda ake shirin yi a shekara mai zuwa.

A wasu shekarun wannan labari ne na masana kwamfuta kaɗai. A 2025 ya wuce nan. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, manhajar da ke kan ɗimbin kwamfutocin ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu daga Yamai zuwa Damagaram. Miliyoyin mutane a duniya sun shiga neman mafita, kuma Linux Mint na cikin sunayen da aka fi ambata. Shi ya sa ya dace a duba su wane ne ake yi wa wannan godiya, me tawagar ke shirin yi, da kuma abin da hakan ke nufi ga mai tsohuwar kwamfuta a Maraɗi ko Tawa.

Mece ce Linux Mint?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. Windows ita ce wadda aka fi sani, kuma mallakin kamfani ɗaya ce: shi kaɗai ke ganin rubutun da aka gina ta da shi, shi ke sayar da lasisinta, shi ke yanke ranar da za a daina kula da ita.

Linux ta bi wata hanya dabam. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Lasisinta ya ba kowa damar ya karanta rubutun asali, ya kwafa, ya gyara, ya raba wa wasu, bisa sharaɗin kada ya rufe wa na bayansa ƙofar. Wannan ne ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. Duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da zuciyar Linux ko bai sani ba, kuma tun daga ƙarshen 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Da yake ƙofar a buɗe take, ƙungiyoyi da dama sun tsara nasu nau'in. Debian, wadda aka kafa a 1993, ƴan sa-kai ne ke tafiyar da ita. A kanta kamfanin Canonical na ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya gina Ubuntu a 2004. A kan Ubuntu kuma Lefebvre, Bafaranshe mazaunin ƙasar Ailan, ya gina Linux Mint a 2006. Abin da ya sa ta yi suna shi ne sauƙi: allonta ya yi kama da na Windows, da maɓallin buɗe manhajoji a kusurwar hagu ta ƙasa, kuma tana zuwa da Firefox don shiga intanet da LibreOffice don rubutu da lissafi. Ana sauke ta ba tare da biyan ko dala ba.

Ranar da Windows 10 ta zama marainiya

Kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ba ta mutu a ranar 14 ga Oktoba ba. Tana kunnuwa, tana buga takarda kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa kowane wata. Duk kafar da masu kutse suka gano daga yanzu za ta zauna a buɗe. Wanda ya tuna harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150 har ya gurgunta asibitoci a Ingila, ya san abin da rashin toshe irin wannan kafa ke jawowa.

Microsoft ya ba da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a koma Windows 11, amma ita tana neman wata ƴar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a hukumance ba ta karɓar mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Ta biyu ita ce ƙarin wa'adin shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30, wato kimanin jika 17 na sefa, ko kuma kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft ya bi wasu sharuɗɗa. A ƙasashen Tarayyar Turai ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa har aka sassauta sharuɗɗan. Wannan sassauci bai shafi Afirka ba.

A nan ne batun ya taɓa Nijar kai tsaye. Kwamfutar da ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa ke iya saye galibi ta hannu ce, wadda ta gama aiki a wani ofishi a Turai ko Amurka kafin ta iso, wasu ta tashar Lome, wasu ta kasuwannin Kano. Tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da ke zuwa ta teku suna bin doguwar hanya ta Togo da Burkina Faso, abin da ya ƙara musu tsada. A irin wannan hali, shawarar a sayi sabuwa ba ta da masauki a gidaje da yawa. Akwai ma wani haɗarin: kwamfutocin da ofisoshin Turai ke zubarwa saboda ba sa ɗaukar Windows 11 su ne za su cika kasuwannin gwanjo na Afirka ta Yamma a watanni masu zuwa, da araha mai ruɗi.

Linux Mint tana aiki a kan mafi yawan irin waɗannan na'urori. Tawagar ta ce tana buƙatar giga 2 na ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, ko da yake giga 4 ya fi daɗin aiki, da giga 20 na ma'ajiya. Jerin fitowa mai lamba 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Kwamfutar da Windows ta sallama a 2025 tana iya ƙara shekaru uku zuwa huɗu cikin kariya ba tare da an sauya mata ko ƙusa ba.

Abin da aka yi a 2025, da abin da ke tafe

Tawagar ta buɗe shekarar da fitowa ta 22.1 a watan Janairu. A Satumba ta saki 22.2, wadda ta zo da sabuwar manhajar buɗe kwamfuta da zanen yatsa. A Oktoba aka fitar da LMDE 7, wani reshe da aka gina kai tsaye a kan Debian 13 ba tare da bi ta Ubuntu ba. A Disamba kuma aka saki gwajin 22.3, mai sabon tsarin jerin manhajoji da ingantaccen tallafi ga madannai na harsuna daban-daban.

Reshen LMDE ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda tawagar ke tunani. Linux Mint ta dogara da Ubuntu, Ubuntu kuma ta kamfani ce mai neman riba. An taɓa samun saɓani a 2020, lokacin da Mint ta ƙi amincewa da shagon manhajoji na Snap da Canonical ke iko da shi, ta rufe shi a fitowarta ta 20. LMDE ita ce guzurin da aka ajiye don ranar da Ubuntu za ta ɓace ko ta juya zuwa inda ba a so. Tawaga ce da ta san zama a gidan aro, ta kuma fara aza harsashin nata.

Manyan ayyuka biyu ne ke gabanta a 2026. Na farko shi ne gina jeri na gaba a kan Ubuntu 26.04, wadda aka tsara fitowarta a watan Afrilun 2026, domin irin waɗannan fitowa masu dogon wa'adi suna zuwa ne duk bayan shekara biyu, kuma su ne ginshiƙin Mint. Na biyu shi ne sauya tsarin da ke zana hotuna a kan allo. Tsohon, mai suna X11, ya samo asali tun shekarun 1980, kuma sauran manyan ƙungiyoyi suna barinsa zuwa sabo mai suna Wayland. GNOME ta kashe shi a fitowarta ta 49, KDE ma ta sanar a watan Nuwamba cewa za ta bi sahu. Mint ta fara gwajin Wayland tun farkon 2024, amma har ƙarshen 2025 a matsayin gwaji take ba da shi. Masu suka suna ganin ta yi jinkiri. Ga wanda ke da tsohuwar na'ura da intanet mai tsada, wannan jinkirin alheri ne, domin abin da yake so shi ne kwamfutar da ta yi aiki jiya ta yi aiki gobe.

Godiyar da ke da lissafi a bayanta

Kuɗin da ke riƙe da duk wannan aiki yana fitowa ne daga gudummawar jama'a, da ƴan kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, da talla. Gudummawar da ake wallafawa takan haura dala dubu goma a wata. A gefe guda, Microsoft ya sanar da kuɗin shiga sama da dala biliyan 281 a shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Yunin 2025. Saboda haka idan Lefebvre ya ce an gode, magana ce ta wanda ya san cewa ranar da sunayen nan suka ragu, aikin ma zai ragu.

Bayan masu ba da kuɗi akwai waɗanda ba sa fitowa a lissafin: masu fassara, masu gwada fitowar gwaji su kai rahoton matsala, masu ba da na'urorin da ake sauke manhajar daga kansu, da masu amsa tambayoyin sababbin shiga. Kusan dukkansu ba a biyan su.

Duniya ta ga haɗarin wannan tsari a ƙarshen Maris na 2024. Wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi diddigi, sai ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata ƴar manhajar matse bayanai da kusan kowane nau'in Linux ke amfani da ita. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da ita a lokacin hutunsa, har ya gaji. Wani da ke amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amincewa, sannan ya dasa tarkon. An kama shi kafin ya isa ga mafi yawan jama'a, kuma buɗewar rubutun ce ta ba da damar kama shi. Amma gajiyar mutum ɗaya ce ta buɗe masa hanya tun farko. Shekaru goma kafin nan, lokacin da aka gano kafar Heartbleed a manhajar OpenSSL da ke kare shafukan bankuna da yawa, an ji cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba.

Ita kanta Linux Mint ta taɓa ɗanɗana. A Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafinta, suka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na ɗan lokaci. Tawagar ta sanar da jama'a nan take, ta kuma ƙarfafa hanyar tantance kwafin gaskiya. Darasin ga mai sauke ta a yau shi ne ya ɗauko daga shafinta na asali, ya guji kwafin da bai san inda ya fito ba.

Inda gwamnatoci suka fara sa hannu

Wasu ƙasashe sun gane cewa abin da kowa ke amfani da shi, in ba wanda ya ɗauki nauyinsa, rushewa zai yi. Jamus ta kafa asusu na musamman a 2022 don tallafa wa buɗaɗɗun manhajoji, kuma a 2023 ya ba ƙungiyar GNOME yuro miliyan ɗaya, kimanin sefa miliyan 656. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin ƙasar tana sauya kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 zuwa LibreOffice, da niyyar kai su Linux daga baya. Jandarmomin Faransa sun riga kowa: sun fara da manhajar ofis a 2005, suka shiga sauya babbar manhajar zuwa wani nau'in Ubuntu daga 2008, kuma yau dubun-dubatar kwamfutocinsu a kanta suke.

Dalilin ya wuce tsimin kuɗi. A 2025, bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa babban mai gabatar da ƙara na Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, an ruwaito cewa ya rasa damar shiga akwatin saƙonsa na Microsoft. Kamfanin ya musanta cewa ya yanke wa kotun hidima, amma kafin ƙarshen shekara kotun ta tabbatar da cewa za ta koma wata buɗaɗɗiyar manhajar ofis da aka haɗa a Jamus.

Nijar ta sa maganar ƴancin kai a gaba tun 2023. Ta sallami sojojin Faransa da na Amurka, ta fice daga ƙungiyar CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Sai dai takardun ma'aikatu, sakamakon jarrabawa da bayanan marasa lafiya suna zaune ne a kan manhajar da wani kamfanin waje ke yanke mata ranar ritaya, wasu ma a kan kwafin bayan fage da ba a san abin da aka cusa a ciki ba. Wannan ɓangare ne na ƴancin da ba a cika jin sa a jawabai ba.

Amma bai kamata a ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ta tsira daga siyasa ba. A Oktoban 2024 an cire sunayen wasu ƴan Rasha kusan goma sha biyu daga jerin masu kula da sassan zuciyar Linux saboda dokokin takunkumi. Bambancin shi ne ba wanda ya iya ƙwace musu rubutun. Suna iya ci gaba da kwafa da gyarawa a gida, muddin suna da mutanen da suka iya. Birnin Munik na Jamus ma ya nuna cewa sauyi na iya komawa baya: bayan ya kai kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Ƙasar da ta sauya manhaja ba ta horar da ƴaƴanta ba, ubangida kawai ta sauya.

Wanda ba ya wurin rabo

Akwai wani hukunci da aka yanke a 2025 wanda bai ja hankali ba, amma ya shafi ƙasashe irin Nijar. Debian 13, da ta fito a watan Agusta, ta daina fitar da cikakken nau'i ga tsofaffin kwamfutoci masu tsarin bit 32. LMDE 7 ta bi ta. Babban reshen Linux Mint kuwa ya bar su tun 2020. Hujjar a bayyane take: masu kula da wannan ɓangare sun yi ƙaranci, kuma a Turai da Amurka irin waɗannan na'urori sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka rage suna aiki galibi suna wuraren da ba a jin muryarsu lokacin yanke shawara.

Ba wanda ya yi hakan da mugunta. A irin wannan aiki, wanda ya gwada, ya kai rahoto, ya gyara, shi ke nuna inda za a dosa. Matsalolin da mai kwamfuta a Tawa ke fama da su, kamar ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa, ko tsadar sauke fayil na kusan giga 3 da intanet ɗin waya, ko tsohuwar na'urar buga takarda da ba a san ta a Turai ba, ba za su shiga tsarin 2026 ba sai in wani ya kai su.

An riga an ga misalin abin da haɗin kai ke yi a maƙwabta. Emmabuntüs, wani nau'in Linux da ƴan sa-kai suka fara a Faransa a 2011 don farfaɗo da kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar agaji ta Emmaüs, ya isa ɗakunan karatu a arewacin Togo ta hannun ƙungiyar YovoTogo da abokan aikinta na cikin gida. Abin da ya riƙe shirin shi ne an samu mutanen wurin da ke kula da na'urorin bayan an sauke su daga mota.

Hausa a kan allo

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa da shugaba Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Harshen ƙasa kuwa yana buƙatar a iya rubuta shi daidai a kan na'ura. Duk wanda ya taɓa neman ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ a kan madannin ofis ya san wahalar, shi ya sa ake ta rubuta kasa a wurin ƙasa, da bata a wurin ɓata.

Linux tana zuwa da jerin tsare-tsaren madannai na harsuna masu yawa. Biyu ne ke ɗauke da sunan Hausa, na Najeriya da na Gana, kuma an gina su a kan tsarin QWERTY na Ingilishi. Kwamfutocin Nijar kuwa akasari AZERTY ne irin na Faransa. Kamaru tana da nata tsarin AZERTY mai ɗaukar haruffan harsunanta a cikin jerin, akwai na Bambara daga Mali, akwai na Wolof daga Senegal. Waɗannan sun shiga ne saboda wasu mutane sun zauna sun tsara, sun aika, an karɓa. Aiki ne da ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na harshe a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa za su iya kammalawa a zangon karatu ɗaya, kuma ba sa buƙatar izinin wani kamfani.

Haka batun fassara. Linux Mint tana karɓar fassarar manhajojinta daga ƴan sa-kai ta dandalin Launchpad, kuma kowa na iya shiga. Microsoft ya taɓa fitar da fassarar Hausa ga Windows, amma shi ya zaɓi kalmomin, shi ke da ikon ci gaba ko dainawa. A Najeriya an taɓa yin yunƙurin Wazobia Linux a tsakiyar shekarun 2000, da Hausa da Yarbanci da Ibo, amma bai ɗore ba. Abin koyi a nan shi ne gina sabon nau'i daga tushe yana da nauyi, yayin da fassarar da aka shigar cikin babban aiki takan rayu ko da wanda ya fara ta ya tafi. Masu rubuta Wikipedia ta Hausa da masu ba da muryoyinsu ga shirin Common Voice na Mozilla sun riga sun nuna cewa akwai matasan da za su iya irin wannan aiki.

Inda za a yi tuntuɓe

Linux Mint ba maganin kowace cuta ba ce. Microsoft Office, Photoshop da AutoCAD ba sa aiki a kanta kai tsaye, haka wasu manhajojin lissafin kuɗi da kamfanoni suka saba da su. LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel, amma takarda mai tarin ado tana iya karkacewa. Mai shagon zanen katin biki ko kalanda da ya gina sana'arsa a kan Photoshop zai sha wuya kafin ya saba da GIMP ko Inkscape. Wasu na'urorin buga takarda da na ɗaukar hoton takarda ma sai an yi musu dabara.

Babban cikas shi ne mutane. Mafi yawan masu gyaran kwamfuta a kasuwanni Windows suka koya, kuma idan aka kawo musu abin da ba su sani ba, mafi sauƙi shi ne su goge su mayar da abin da suka saba. A 2025 Linux ba ta wuce kusan kashi 4 cikin ɗari na kwamfutocin tebur a duniya ba, bisa ƙididdigar StatCounter. Zuwan Starlink Nijar a 2025 ya sauƙaƙa sauke manyan fayiloli ga masu hali, amma ɗalibin da ke sayen intanet na kwana ɗaya a Airtel, Moov ko Zamani yana lissafin kowane mega.

Akwai abin da ke rage wannan nauyi. Kwafi ɗaya a kan ɗan faifan USB ya isa a sanya wa kwamfutoci ɗari, kuma doka ta halatta hakan. Ana iya kunna manhajar daga faifan a gwada komai, sauti da intanet da na'urar buga takarda, ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ana kuma iya ajiye ta gefe da gefe da Windows. Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne a kwashe muhimman takardu da hotuna zuwa wani wuri kafin a fara.

Rabon kowa

Ƴan Nijar mazauna waje suna da rawa biyu a wannan lamari. Su ne ke aiko da kwamfutoci gida, don haka ya dace su duba ko na'urar da za su saya tana ɗaukar Windows 11, in kuwa ba ta ɗauka, su sa mata manhajar da ke samun gyaran tsaro kafin ta hau hanya. Su ne kuma ke da katin banki da ake buƙata don aika gudummawa ta PayPal ko Patreon, abin da ya fi ƙarfin yawancin matasan gida da ke hulɗa da NITA ko Amana.

Matasan cikin gida suna da abin da ya fi kuɗi amfani ga irin wannan aiki: harshen, da sanin yanayin da na'ura ke aiki a cikinsa. Mai gyaran da ya koyi Linux a yanzu zai samu kasuwa idan ƙarin wa'adin Windows 10 ya ƙare. Hukumomi kuwa, daga hukumar ANSI mai kula da harkokin fasahar zamani zuwa ma'aikatun ilimi da lafiya, suna iya farawa da abu mai sauƙi: ƙidaya kwamfutoci nawa ne ke kan Windows 10, nawa ne za su iya hawa Windows 11, sannan a gwada sauran a ɗakin karatu ɗaya ko biyu kafin a faɗaɗa.

Lokacin da ya rage ba shi da yawa. A 2025 Microsoft ya sa ranar 13 ga Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen ƙarin wa'adin. Wata biyu bayan nan tawagar Linux Mint, wadda za ta cika shekara 20 a shekarar, za ta sake fitar da jerin waɗanda take yi wa godiya, kuma har yanzu akwai gurbin mai fassara Hausa da mai tsara madannin Nijar a cikinsa.